Fulogin Alhaji a Cikin Motata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sanusi, a gidan Alhaji Mamman, Maigatari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, cikin lafiya da rufin asiri. Allah Ya tsare ka a kan kwalta da kan burji, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa. Ya kuma kare ka daga irin dabarar da kanka yake kawo maka, don ita ta fi ba ni tsoro a yanzu. Mu nan Gumel lafiya lau muke, sai zafin bazara. Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba, saboda haka nemi wuri ka zauna.

Kawunka Ɗanjuma zai miƙa maka takardar nan tare da wani ƙulli a tsumma, in ya sauke fasinjojinsa a tasha. Kada ka kwance ƙullin a gaban mutane. Fulogi huɗu ne a ciki, kuma ka san su, don kai ka ɗaura su a motata da hannunka. Na Alhaji ne. Nawa kuwa, tsofaffin da suka sha wuya a cikin Dattijuwa, tsohuwar motar tawa, suna can cikin injin motar Alhaji, motar da aka ce jibi bayan an tashi kasuwa za ka tuƙa shi a cikinta har Kudu. Kada motar nan ta hau doguwar hanya da fulogina a cikinta. In ka gaji da karatu ka tsaya a nan, to ka dai riƙe wannan.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na kira. Ban gama sallama ba ka ce, “Baba, muna tare da Alhaji, yana jin ka.” Ashe muryata ta lasifikar mota take fita. Sai na ɓige da gaida Alhaji, ina tambayarsa yadda shanu suke a kasuwa, ni da ko akuya ban ajiye ba. Na sake kira da yamma, ka ce kana wanke mota, za ka neme ni. Har yanzu nemana kake. Shi ya sa na dawo wa takarda, ita ba ta da lasifika, kuma ba za ka ce mata “ba matsala, Baba” ka kashe ba.

Bari in faɗa maka yadda asirinka ya tonu, don ka san ba wani ne ya kawo min tsegumi ba.

Ranar da Alhaji ya kawo sabuwar motarsa gareji a yi mata sabis kafin ka fara aiki da shi, ka ga yadda ya ciro kwalin fulogin nan daga aljihun babbar riga, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, “Malam Garba, wanda ya sayar min da motar ya ce waɗannan kaɗai za a sa mata. Ni ban san komai a kai ba, ku na sani.” Da rana aka aiko da rasuwa a Sule Tankarkar. Na so in bari sai gobe, innarka ta tasa ni a gaba, wai maƙwabta za su tafi yanzu kuma da wuri a motarsu, wai abin kunya ne a ce ni ne na ƙarshen zuwa gaisuwa. Kai kuma ka ce, “Baba, je ka kawai, canjin fulogi ne fa.” Na tafi ina jin daɗi na haifi ɗa.

Washegari na shiga Dattijuwa, na murɗa makulli, ta tashi. Sau ɗaya. Motar da kullum sai an tura ta daga gindin darbejiya har bakin masallaci kafin ta yi tari ta amsa. Na zauna a ciki ina sauraren injin kamar ban taɓa jin sa ba. Na ce wa innarka wannan albarkar zuwa ta'aziyya ce. Ta ce, “Haka ne, Malam,” ta shige ɗaki da sauri. Da ina da wayo, a nan zan gane.

Daɗin bai daɗe ba. Jiya na ɗauki innarka za mu Gagarawa suna, muna barin kwalta Dattijuwa ta fara fizga. Ta yi tari, salansa ta yi baƙin hayaƙi, ta ƙi jan ko ɗan tudu. Na gangara gefe, na buɗe bonet, na jira ta huce, na kwance fulogi ɗaya. Ya yi baƙi ƙirin da toka. Na goge shi da gefen tsumma, sai ga baki siriri kamar allura. Ni ban taɓa saya wa Dattijuwa fulogi mai bakin allura ba, ba kuma zan saya ba. Na kwance sauran ukun, duk haka. Wallahi Sanusi, a tsaye nake amma sai da na nemi dutse na zauna.

Innarka ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, lafiya?”

Na ɗaga mata fulogin na ce, “Ke za ki faɗa min.”

Ta gyara mayafi, sannan ta ce, “Ni dai ƙarfe na ga an cire an sa ƙarfe. Yaron nan ya ce duk ɗaya ne, motar Alhaji sabuwa ce, ko me aka sa mata za ta tashi. Ya ce taka ce mai bukata.”

Na ce, “Nawa tsofaffin fa?”

Ta ce, “Ya ari kurfotina ya gasa su, ya kankare su suka yi fes, ya sa wa Alhaji.”

Ka ji. An haɗa baki da matata a kore ni Sule Tankarkar, an gasa fulogi a kurfotin da ake dafa min shayi, an sa a motar da kuɗinta ya fi gidan da muke ciki. Ban san wanda zan fara yi wa faɗa ba, sai na yi wa Dattijuwa, ita da ba ta da laifi. Da ƙyar muka lallaɓa muka dawo gida. Sunan da ba mu je ba ke nan.

Na san abin da ka faɗa wa kanka, don na san kanka. Ka ce kamfani ɗaya ya ƙera motocin biyu, ramin ɗaya ne, haƙoran ɗaya ne, sifana ɗaya ke kwance su. Ka ɗaura, ya shiga, ka tayar, ta tashi, ka ce shi ke nan. Wannan “tunda ya shiga ai ya yi” ita ta cika bayan garejin garin nan da gawar injuna. Tun kana goye nake faɗa da ita, ashe a gidana ta kwana.

Saurara, in sake maimaita maka abin da na faɗa maka har bakina ya gaji. Fulogi ba tartsatsi kaɗai yake bayarwa ba. Bakinsa a cikin wuta yake zaune, kuma dole ya san yadda zai yi da zafin. Ka duba farin tangaran ɗin da ya kewaye bakin. Na Dattijuwa dogon hanci gare shi, yana riƙe zafi, da gangan aka yi shi haka. Tsohuwar mota ce mai shan baƙin mai, mai tafiyar hawainiya a burji, in bakin fulogin bai yi zafi ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa ba, sai ya toshe. Na Alhaji gajeren hanci gare shi, yana miƙa zafin ga jikin injin da sauri, ya zauna da sanyinsa. Shi ya sa da ka sa shi a Dattijuwa bai taɓa yin zafin da zai wanke kansa ba, toka ta rufe shi. Kyautar da ka yi min ko mako biyu ba ta kai ba.

Wannan mai sauƙi ne, mota ce ta yi tari a hanyar Gagarawa. Ɗaya ɓangaren shi ya hana ni cin tuwo. Motar Alhaji turbo gare ta. Iska ake dannawa cikin injin da ƙarfi, wutar da ke ciki ba irin ta Dattijuwa ba ce. In ka taka ta a doguwar hanya, cikin wannan rana ta bazara, dogon hancin fulogina zai riƙe zafi har ya yi ja kamar garwashi. Daga nan ba ya jiran tartsatsi. Fetur na shigowa zai kama da wuta tun fistin yana kan hanyarsa ta hawowa, wuta ta doke shi ƙasa, ƙarfe ya turo shi sama. Ba ya ɗaukar lokaci.

Za ka ce ai tun da ka fara aiki kake tuƙa ta, ba abin da ya faru. Ina ka je da ita? Daga gidan Alhaji zuwa kara wurin shanu, daga kara zuwa masallaci, sai ɗan zuwa Gumel da ake tsayawa gaisuwa a kowane ƙauye. Motar ba ta ma san an haife ta ba tukuna. Jibi ne za ta sani. Kuma na san Alhaji Mamman tun yana bin shanu a ƙasa, mutumin kirki ne amma ba ya son ganin bayan wata mota. Yana ganin tirela a gabanku zai ce, “Sanusi, taka ta mana.” Kai kuma ba ka iya cewa a'a ba in ana yabon tuƙinka. Za ka fita hannun da ba naka ba, ka danna totur har ƙasa, kana gefen tirela mai cike da shanu, wata motar tana tahowa daga gaba. A daidai nan injin ke neman duk ƙarfinsa, a daidai nan kuma fulogina zai ci amanarka. Ba laifinsa ba ne, ba a yi shi don wannan ba.

Ka san fistin ɗin nan mai huda da ke kan kantar gareji, wanda kake ɗauka kana leƙo ni ta cikin ramin lokacin kana ƙarami? Na sha ba ka labarinsa, amma da alama ramin kawai ka riƙe. Ina saurayi a tashar Maigatari, wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya kawo mota mai gudun tsiya, ya ce a canza masa buji, haka suke kiran fulogi a can. Ba mu da irin nata. Na ɗauko na a-kori-kura, na gwada, ya shiga. Na ji kaina ya yi girma. Ya ce in shiga mu gwada ta, muka miƙi hanya, ya taka. Mun wuce Gumel kaɗan na fara jin wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Na ji ta sarai, na ce a raina ƙila fetur ne marar kyau. Kafin in buɗe baki motar ta yi wata irin shaƙewa, farin hayaƙi ya turnuƙe mu, ta mutu a tsakiyar titi. Abin da ya cece mu, a zamanin nan sai ka daɗe a hanyar ba ka ga mota ba. Jaki kawai ya tsaya yana kallonmu. Da muka buɗe injin, babban yatsana ya wuce ta tsakiyar fistin.

Hanyar da za ka bi jibi ba jaki ne a kanta ba. Saboda haka in ka taɓa jin ƙarar tsakuwar nan a kowace mota, ko ta waye, ko waye a zaune a baya, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Kada ka tsaya neman wa ƙarar uzuri kamar yadda na yi. Gara Alhaji ya yi maka tsawa a gefen hanya.

Sai maganar kurfoti. Wannan a wurina ka gani, ban musa ba. Ina gasa fulogin janareta, ina gasa na injin ban-ruwan mutanen Gagarawa in sun kawo shi ya jiƙe da mai, don su samu su ƙarasa ban-ruwan ranar. Amma ka taɓa ganin na gasa na motar da za ta ɗauki rai ta yi gudu da shi? Sau ɗaya na yi, da daɗewa, a motar haya. Tangaran ɗin ya tsage a ciki inda ido ba ya gani, ya yi kwanaki yana aiki lafiya, ranar da ya ga dama ɓallinsa ya faɗa cikin injin ya yi ta taunar ƙarfe. Tun daga ranar na raba: abin da in ya mutu za a yi tsaki a koma inuwa, ana iya yi masa dabara. Abin da in ya mutu za a yi salati, ba a yi masa. Kai ka kwashi dabarar ka bar rabewar. To yanzu fulogin da ke motar Alhaji ba dogon hanci kaɗai gare su ba, gasassu ne kuma, ban san wanne ya tsage ba, kai ma ba ka sani ba.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka ƙara masa gishirin kanka.

Gobe da safe, kafin a tayar da motar, tun injin yana da sanyi, ka canza su. Na ce da sanyi. Kan injin nan alminiyam ne, in ya yi zafi laushi yake yi, ka murɗa da ƙarfi haƙoran ramin su biyo fulogin waje. Na taɓa yi wa wata mota haka don mai ita yana tsaye a kaina yana duba agogo, daga aikin shan shayi muka koma sauke kan injin. Ka hure ƙurar da ke bakin ramin kafin ka kwance, ƙasar Maigatari ba ta bukatar gayyata. In za ka ɗaura, fara da yatsunka, ka ji yana tafiya sumul, sannan ka kawo sifana. In ya zauna, ɗan ƙara kaɗan ka tsaya. Ba taya kake ɗaurewa ba, kada ka hau shi da wannan ƙarfin naka na cin tuwo biyu.

Na wanke su da fetur, na goge da tsumma mai laushi, na shanya. Sauran baƙin da ka gani a jiki, bar shi, injin Alhaji zai ƙone shi da kansa in kun hau hanya. Kada ka kusance su da burushin waya, kada ka kusance su da sanfefa. Wannan bakin allurar in ka kankare shi ka kashe shi. Kada kuma ka ƙwanƙwasa shi a jikin injin wai kana gyara tazara, yadda muke yi wa na Dattijuwa. Tazararsu ƙarama ce don haka aka yi su, injin mai turbo in tazara ta yi faɗi iskar da ke ciki hure tartsatsin take yi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya da tabarau, Allah Ya taimake ka ba ka lanƙwasa ko ɗaya ba.

In ka ciro nawa, kada ka jefar. Jera su yadda suka fito, ka dubi bakin kowanne a rana. In ka ga launin soyayyar gyaɗa, to Allah Ya rufa asiri, ba a yi ɓarna ba. In ka ga ya yi fari fat, ko da ƙuraje a jikin tangaran, ko bakin ya fara narkewa, ko wani ɓalli ya fita, to motar nan ba ta zuwa Kudu jibi ko da sababbin fulogi, sai an leƙa cikinta. Ka kira ni, ka fita daga motar kafin ka kira.

Kuma tunda yanzu kai ne mai kula da ita, wata rana za a aike ka sayen wasu. Kada ka je kasuwa ka ce a ba ka “mai kyau”. Kowa nasa mai kyau ne. Lambar da ke jikin waɗannan ita za ka nema, harafi da harafi. Kada wani mai shago ya ce maka wannan ƙaninsa ne, ko wannan ya fi shi wuta. Jabu sun yi yawa, kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi. Goga rubutun da yatsa, in ya goge ajiye musu kayansu. Juya shi ƙasa, in wosha, zoben ƙarfen da ke jikinsa, ta zame ta faɗo, ajiye. In ba ka samu a nan ba, a jira a kawo daga Kano. Mota ba ta mutuwa don ta kwana biyu a inuwa.

Yanzu sauran mai wuyar. Za ka faɗa wa Alhaji.

Na san za ka ce in an mayar shiru-shiru wa zai sani. Ni na sani, innarka ta sani, kai ka sani, kuma Wanda ya fi mu sani Ya sani. Bawan Allah nan bai ɗauke ka don ka fi samarin Maigatari iya tuƙi ba. Ya ɗauke ka don shekara da shekaru yana barin motarsa a garejina da makulli a jiki, bai taɓa dawowa ya tarar da ko goro ya yi ƙafa ba. Ya miƙo kwali da hannu biyu ya ce mu ya sani. Abin da ka yi, ko da wace niyya ka yi shi, sunansa ɗaukar kayan wani ba da izininsa ba. Ba na son rubuta ɗaya sunan a takardar da ke ɗauke da sunanka.

Same shi shi kaɗai, ba a kara ba, ba a gaban yaransa ba. Ka durƙusa ka ce, “Alhaji, na yi kuskure a motarka, na gyara, amma ina so ka ji daga bakina.” Ka faɗa masa duka, har kurfotin. Kada ka sa innarka a ciki, ni zan ji da wannan. Zai yi faɗa, yana da gaskiya. Yana iya cewa ka ajiye makulli. In ya ce haka, ajiye, ka gode masa, ka hau motar kawunka ka dawo, akwai aiki a gareji. In kuma ya bar ka, to daga ranar duk abin da ka ce masa game da motar zai yarda, ko da cewa ka yi ba za a wuce tirelar nan ba. In kana jin nauyi, aiko, in zo in zauna a gefenka. Amma bakinka ne zai yi maganar.

Innarka tun jiya ba ta da sukuni. Da muka dawo na ɗauko fistin mai hudar nan na ajiye mata a kan tabarma, na yi mata bayanin tirela. Na yi nadamar yin haka, don tuwon da ta tuƙa ko loma ba ta kai baki ba. Ɗazu ta zo ta tsaya a kaina ina rubutu, ta ce, “Malam, ka rubuta masa ni na ce ya yi abin da ka ce. Ka kuma rage faɗan, don kai ya yi.” Na ce faɗan ba zai ragu ba. Ga shi na rubuta saƙonta, kada ta ce na danne.

Don ni ka yi, na sani. Ba sai an faɗa min ba. Ana saura kwana kaɗan ka tafi, da safen nan da muka tura Dattijuwa gwiwata ta ƙi, na dafa bayan motar na tsaya ina mayar da numfashi. Na ɗago na ga kana kallona. Sai ka ce in shiga in riƙe sitiyari, ka tura ni kai kaɗai har bakin masallaci. Na ga fuskarka a madubi. Lissafi kake, in ka tafi wa zai tura. Da ka tambaye ni, da na ce maka unguwar nan ba ta rasa masu tura mota, kuma matsalar Dattijuwa ba ta fulogi ba ce, tsufa ne, irin nawa. Amma ba ka tambaya ba. Kai ba ka tambaya, sai dai ka yi, halinka ke nan tun kana rarrafe.

Raina ya ɓaci, Sanusi, ya ɓaci ƙwarai. Kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan da na murɗa makulli ta tashi na ji kamar an rage min shekaru. Amma ka auna abin da ka ɗora a kan sikeli. Ka ɗauki ranka da na Alhaji da sunan gidanmu ka ajiye a gefe ɗaya, ka ajiye gwiwar tsoho a ɗaya gefen. Gwiwar nan in ta yi ciwo man zafi nake shafa mata in kwanta. In aka aiko min da labari daga hanyar Kudu, me zan shafa?

Yanzu dai Dattijuwa tana gindin darbejiya, ba fulogi ko ɗaya a cikinta. Na toshe ramukan da tsumma, kaji sun riga sun tare a ƙarƙashinta. Kawunka ya ce in ba shi dama ya karɓo min nawa ya taho da su gobe. Na ce a'a. Maƙwabcinmu ya ce akwai wasu a shagonsa, in ɗauka. Na ce a'a. Kada ka ba kowa su. Ƙulle su a tsumman nan da na aiko, ka sa a jakarka, su je Kudu a jaka, ba a injin ba. In kun dawo, ka nemi izinin Alhaji ka zo Gumel, ka miƙo min su da hannunka. Gasassu ne, na sani, ƙila ma ba za su ƙara aiki ba. Ba su nake jira ba.

Har ranar, ni da innarka a ƙasa za mu riƙa zuwa inda za mu, kuma gwiwar da ka so ka hutar ita za ta ɗauke ni. In kana tausayinta da gaske, kada ka daɗe.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya sanyaya zuciyar Alhaji a kanka, Ya sanyaya ƙafarka a kan totur. Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya sa ka gama da duniya da sunanka a wanke. Innarka tana sa maka albarka, ni ma ina sa maka, duk da haushinka da nake ji.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Bakanike, Gumel.